Imel ɗin wurin aiki ya daina shiga waya? Kafin ka goge komai, karanta wannan

Duk wanda yake hulɗa da kamfani a nan Kudu ya san WhatsApp na da iyakarsa. Da direba ko mahauci kana iya gama ciniki da saƙon murya. Amma ranar da ka fara kai nama otal ko babban kanti, ko kana tura tireloli daga Apapa, ko ka samu aikin kula da sito, za a ce maka takardar oda ta imel za ta zo, takardar neman biya ma ta imel za ka tura. Akantan kamfani ba ya biyan kuɗi da saƙon murya. Shi ya sa idan imel ya tsaya kwana biyu, ba ƙaramar magana ba ce. Oda tana iya wucewa hannun wani, kuma babu wanda zai kira ka ya ce me ya sa ba ka amsa ba.

Ni ke riƙe da rubuce-rubucen cinikin shanun mahaifina tsakanin Kara da mayankar Oko-Oba a Agege, kuma ta nan ne 'yan uwa suka saba miƙo min waya su ce in duba musu. Abin da na lura, kusan kowa abu ɗaya yake fara yi: ya cire akwatin imel ɗin daga wayar ya sake sa shi, ko ya kai wa masu gyara a yi wa wayar wankin gaba ɗaya. Sau da yawa wayar ba ta da laifin komai. Wani lokacin ma wannan gogewar ce take jawo asarar da ta fi matsalar farko.

Dalili kuwa shi ne imel ba a cikin wayarka yake zaune ba. Akwai wata babbar kwamfuta da ba a kashewa, ita ke karɓar wasiƙun kamfaninku ta ajiye. Ita ce ake kira saba. Na ga masu fassara suna ce mata "uwar garke", kuma a matsayina na ɗan mai shanu sunan ya yi min daɗi, don idan ta kwanta, duk garken ne ya kwanta. Tana iya kasancewa a wani ɗaki cikin ofishinku, ko wajen kamfanin da kuke haya a hannunsa, ko wajen Google ko Microsoft. Wayarka ɗan aike ce kawai, tana zuwa ta tambaya ko akwai sabon saƙo. To ka ga wuri huɗu ke nan da abu zai iya lalacewa: wayar, hanyar intanet, fasuwod ɗinka, ko ita sabar. Aikin farko shi ne gano wanne ne, kuma wannan ba ya cin minti biyar.

Buɗe burauza, wato Chrome ko makamancinsa, ka shiga imel ɗin ta can maimakon ta manhajar da ka saba. Idan kamfaninku na Microsoft yake amfani da shi, outlook.office.com ne. Idan na Google ne, shafin Gmail. Ƙananan kamfanoni da yawa kuwa sunan shafinsu za ka rubuta ka ƙara /webmail a ƙarshe. Wannan gwajin shi ke raba gardama. In ka shiga ka tarar da sababbin saƙonni suna nan, to saba lafiya lau, fasuwod ma daidai, matsalar tana cikin wayar ko saitinta, kuma ko ba komai ka samu ƙofar da za ka ci gaba da aiki yau. In shafin ya buɗe amma ya ƙi karɓar fasuwod, maganar asusunka ce. In ko shafin bai buɗe ba, sai ka kira abokin aiki ɗaya ka tambaye shi ko nasa yana yi. Idan kowa a ofis kuka ɗaya yake, ajiye wayarka, ba abin da za ka taɓa a cikinta ya gyara.

Bari in fara da abubuwan da suke ba mutum kunya saboda sauƙinsu. Na farko data. Kamfanonin layi suna sayar da ƙunshin data mai arha wanda WhatsApp da Facebook da ire-irensu kaɗai yake buɗewa. Mutum zai rantse maka yana da data tunda ga saƙonni suna shigowa, alhali imel ba ya cikin wannan ƙunshin. Gwada buɗe kowane shafi a burauza, nan take za ka gane. Na biyu agogo. Idan kwanan wata ko lokacin wayar ya kauce, musamman bayan batir ya mutu ko an canza shi, wayar za ta ga kamar takardar shaidar sabar ba ta da inganci, sai ta ƙi haɗuwa da ita. A mayar da agogo ya riƙa saita kansa daga layi. Na uku tanadin batir. Wayoyin Android da yawa, har da Tecno da Infinix da muka fi riƙewa, suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don caji ya daɗe. Alamarsa ita ce saƙo ba ya shigowa sai ka buɗe manhajar da kanka ka ja allon ƙasa, sannan goma su zubo lokaci guda. Cire manhajar imel daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, ka tabbatar an ba ta damar shan data a ɓoye, shi ke nan.

Inda abin ya fi rikita mutane shi ne fasuwod, kuma a nan nake so a nutsu. Kamfanoni da yawa suna tilasta canza fasuwod bayan 'yan watanni. Ka canza a kwamfutar ofis, ka manta wayarka tana riƙe da tsohon. Ita kuwa ba ta gajiya, duk bayan 'yan mintoci sai ta je ta ƙwanƙwasa da tsohon makulli. Saba ba ta san kai ne ba. Abin da take gani shi ne wani yana ta gwada fasuwod ba daidai ba, irin yadda ɓarayi ke yi, sai ta rufe asusun na wani lokaci. Ka kira mai kula da kwamfutoci ya buɗe, bayan rabin awa ya sake rufewa, ka fara zargin ana yi maka zagon ƙasa a ofis. Wallahi sau da yawa tsohuwar wayar da ka ba ƙaninka ko uwargida ce, har yanzu akwatin yana cikinta tana ta ƙwanƙwasawa. Duk ranar da aka canza fasuwod, sai ka tuno kowace na'ura da ka taɓa sa imel ɗin a ciki, ka gyara ko ka cire.

Akwai wanda ya fi wannan ban haushi. Wasu sabobin ba asusun suke rufewa ba, lambar intanet ɗin da ƙwanƙwasawar ke fitowa suke toshewa, wadda ake kira IP. Duk wanda ke kan wayifayin ofis lamba ɗaya yake fita da ita. Ka ga waya ɗaya mai tsohon fasuwod tana iya sa a toshe ofis gaba ɗaya, tun daga manaja har mai gadi. Yadda ake gane wannan: kashe wayifayi ka kunna datar layinka. In imel ya dawo, to lambar ofis ce aka toshe, sai mai kula da saba ya cire ta, kuma sai an nemo wayar da ta jawo, in ba haka ba gobe ma haka za a kwana. Akasin haka ma yana faruwa. A kan data mutane da yawa ne ke tarayya a lamba ɗaya, laifin wani yana iya shafarka. A nan sa waya a yanayin jirgin sama na ɗan lokaci ka cire yakan sa a ba ka wata lambar.

Wani kuma fasuwod ɗinsa daidai ne, a burauza yana shiga, amma manhajar wayar ta dage cewa ba daidai ba ne. Wannan yana da tarihi. Daga 1 ga Oktoba 2022 Microsoft ya fara rufe tsohuwar hanyar shiga da suna da fasuwod kawai ga imel ɗin kamfanoni da ke wajensa. Google ya yi irin haka ga asusun mutane tun ƙarshen Mayu 2022, ya kammala da na kamfanoni a 2025. Yanzu idan kana sa akwatin, dole wani shafi na Microsoft ko Google ya buɗe ka shiga ta cikinsa. Manhajar da ta tsufa ba ta san wannan hanyar ba, ko sau ɗari ka rubuta fasuwod ba za ta shiga ba. Maganin shi ne ka sauke Outlook ko Gmail na yanzu. Ga na'urorin da ba su da wata hanya, kamar firinta mai tura takarda ta imel, Google yana ba da wani fasuwod na musamman mai haruffa 16, amma sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Tunda na ambaci mataki biyu: idan lambar tabbatarwa layinka ake turo wa, to ranar da layin ya ɓata ko aka rufe shi kan maganar NIN, imel ɗinka ma ya tafi tare da shi har sai an dawo da layin. Wanda zai tafi gida hutun Sallah ya bincika wannan tun yana gari, ya tambaya a ƙara masa hanya ta biyu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada a yi gaggawar gogewa. Hanya biyu ce tsofaffi da waya ko kwamfuta ke ɗauko saƙo daga saba, IMAP da POP. Da IMAP saƙon yana nan a saba, kai kallonsa kake daga nesa, ko ka goge akwatin ka sake sa shi komai zai dawo. Imel na Microsoft da ake sawa ta Outlook ma haka yake. POP kuwa kwasowa yake, kuma a wasu saitin yana share na saba bayan ya kwaso ko bayan wasu kwanaki. Ma'ana kwafin da ke cikin na'urarka shi kaɗai ya rage a duniya. Ka cire akwatin, takardun oda da rasit na shekara biyu sun tafi, ba kuma injiniyan da zai dawo da su daga sabar da babu su. Kafin ka cire komai, leƙa ta burauza. In tsofaffin saƙonninka suna can, kana iya cirewa hankali kwance. In ka tarar da akwatin wayam alhali na'urarka cike take, to POP ne, kada ka taɓa sai an kwashe. POP ɗin ne kuma yakan jawo kukan nan na "saƙo yana shiga kwamfutar ofis amma ba ya zuwa wayata": kwamfutar ta riga ta kwashe kafin waya ta iso. A ganina duk ƙaramin kamfanin da har yanzu ke kan POP alhali ma'aikatansa na yawo da waya, neman rigima yake.

Ga masu sa saitin da hannu, lambobin ƙofa ba su da yawa. IMAP mai tsaro 993 ne, POP mai tsaro 995. Turawa kuwa hanyarta daban, SMTP ake ce mata, ƙofarta 587 ko 465. Saboda hanyar ta rabu biyu ne za ka ga mutum yana karɓar saƙo amma nasa ba ya fita. Yawanci an bar wajen suna da fasuwod na ɓangaren turawa babu komai, don wasu wayoyin suna nuna kamar ba dole ba ne, alhali dole ne. Ko an sa ƙofa ta 25, wadda hanyoyin intanet da yawa suke toshewa saboda masu watsa saƙonnin banza. Sunan shiga kuma cikakken adireshin ake rubutawa, har da abin da ke bayan alamar @. In duk wannan daidai ne, duba akwatin saƙonnin da ke jiran fita. Bidiyo ɗaya mai nauyi yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya tare na bayansa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, kuma fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan aka naɗe shi cikin imel, don haka mai MB 20 ma yana iya maƙalewa a wasu sabobin.

Idan saƙo ya dawo maka da dogon Turanci daga wani mai suna Mailer-Daemon, kada ka share. Ba sai ka fahimci duka ba, lamba za ka nema. Wadda ta fara da 4 tana nufin matsala ta ɗan lokaci, sabarku za ta ci gaba da gwadawa, a al'ada har kwana huɗu zuwa biyar, ba sai ka sake turawa sau goma ba. Wadda ta fara da 5 an ƙi karɓa ke nan. 5.1.1 babu wannan adireshin, duba ko harafi ya kuɓuce. 5.2.2 akwatin wanda ka tura wa ya cika. Waɗanda suka fara da 5.7 kuwa an ƙi ne saboda tsaro, sabar can ba ta yarda da taku ba. Wannan ya yawaita tun Fabrairun 2024, lokacin da Google da Yahoo suka tsaurara sharaɗi cewa sai saba ta nuna shaidar ita ce ke da izinin turawa da sunan kamfanin. Shaidun su ne ake kira SPF da DKIM, da kuma DMARC ga masu turawa da yawa. Ba a waya ake gyara su ba. Idan kwastomomi masu Gmail suna cewa saƙonku ba ya zuwa, ko yana faɗawa kwandon shara, waɗannan sunaye ukun za ka faɗa wa mai kula da shafinku.

Naka akwatin ma yana cika. Masu amfani da Gmail na kyauta wajen kasuwanci su sani GB 15 ɗin nan tarayya ce tsakanin imel da hotuna da Drive, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta. Bidiyon biki da wa'azin da ake turowa a guruf su cinye wurin, takardar oda ta zo ta rasa inda za ta sauka ta koma.

Idan kuwa kowa a ofis ne abin ya shafa, a ƙananan kamfanoni abin da zan fara tambaya shi ne ko an biya kuɗin sunan shafi. Sunan nan da ke bayan @ haya ake yi, yawanci shekara-shekara, ko mai .com ne ko mai .ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Ranar da wa'adi ya cika, shafi da imel tare suke mutuwa. Abin takaicin, sanarwar sabuntawa takan tafi ne ga yaron da ya buɗe wa kamfanin shafin shekarun baya, wanda ya daɗe da barin aiki. Duk mai kasuwancin da ke karanta wannan ya tambaya yau: da sunan wa aka yi rajistar, kuma yaushe za ta ƙare? Bayan wannan sai takardar shaidar tsaro ta saba, wadda ita ma tana ƙarewa, ta kyauta da aka fi amfani da ita ma kwana 90 aka saba ba ta. Sai cikar ma'ajiyar sabar, sai wuta in a cikin ofis take. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka wuni suna fama. Irin wannan ranar waya za ka ɗaga ka kira kwastoma.

Ɓarayi sun san duk wannan ruɗanin, kuma da shi suke farauta. Saƙo zai zo da tambarin da ya yi kama da na kamfaninku, wai akwatinka ya cika ko fasuwod zai mutu yau, danna nan ka gyara. Ka danna, ka rubuta, ka miƙa musu makulli. Ba sa canza komai da za ka lura. Suna sa wata doka a ɓoye da ke tura musu kwafin saƙonninka, ko ta ɓoye saƙon wani kwastoma don kada ka gani, su zauna suna karatu har ranar da za a biya kuɗi mai kauri, sannan su rubuta da sunanka cewa an canza lambar asusun banki. Don haka idan saƙon mutum ɗaya ne tak ya daina zuwa alhali na kowa na shiga, shiga ta burauza ka duba dokokin akwatin da wajen tura kwafi. Kuma duk imel ɗin da ya ce an canza asusun banki, a kira mutumin ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. A kasuwar shanu ba wanda zai saki kuɗin tirela guda don wani baƙo ya zo ya ce Alhaji ne ya aiko shi, ban ga dalilin da zai sa a yi hakan don an rubuto da Turanci ba.

Wani abu da ba a cika gaya wa sababbin ma'aikata ba: idan kana sa imel ɗin kamfani a wayarka ta kanka, ta nemi ka ba shi ikon kula da na'ura, karanta kafin ka amince. A wasu tsare-tsaren wannan yana ba kamfani damar goge wayar daga nesa in ta ɓata ko ka bar aiki. Tambayi mai kula da kwamfutocin ko akwatin kaɗai gogewar ke shafa ko duk wayar, don hotunan iyalinka ma a ciki suke.

In ka gwada abin da za ka iya bai yi ba, yadda ka kai ƙara shi ke sa a gyara da wuri. "Oga, imel ba ya yi" ba ya taimakon kowa. Gaya masa tun yaushe ya tsaya, karɓa ne ba ya yi ko turawa, yana buɗewa a burauza ko a'a, ka gwada a data da wayifayi, kai kaɗai ne ko har da wasu, kuma ko an canza fasuwod ko waya kwanan nan. Ɗauki hoton allon da ke nuna matsalar ka haɗa masa, in akwai saƙon da ya dawo ka tura shi yadda yake da lambobinsa. Fasuwod ɗinka kuwa kada ka sa a ciki. In aikin na buƙatarsa, yana da ikon saita sabo daga ɓangarensa, kai kuma ka canza shi da zarar ya gama.